Shekarar da Daura ta ji muryata

Da sunan Allah nake ci gaba da wannan rubutu, kuma a wannan babin na fi buƙatar taimakonSa, don shi ne na yi ta ɗagawa. Na rubuta muku labarin aurena da babanku, na rubuta rasuwar kakanku, duk hannuna bai tsaya ba. Amma da na zo kan shekarar waƙar nan sai in ajiye biro in ce bari in duba wanki. To yau na idar da walaha, gida ba kowa, zan faɗa muku yadda aka yi, domin abin da kuke faɗa a tsakaninku yana dawowa kunnena. Ke A'isha kin gaya wa mijinki wai korata aka yi daga Islamiyya. Kai Mustafa har yau gani kake yayanku ya yi min abin da ya ga dama ne, na haƙura don ba yadda zan yi. Duk ba haka aka yi ba.

Sai na faro daga Baure, in ba haka ba ba za ku gane ba. Da cikin yayanku ya tsufa aka mai da ni gida wurin mahaifiyata Inna, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. A can na haife shi, tsakiyar damina. Ku da kuka tashi kuna ganin matan yanzu suna ɗaga jariransu ana yi musu hoto, ba ku san irin kunyar ɗan fari da muka yi ba. Ba na kallonsa a gaban mutane. In ya yi kuka ba na motsawa, sai Inna ta ɗauko shi ta ɗora min a cinya, ni kuma in juya wa ƙofa baya in ba shi nono kamar wadda aka tilasta. Sunansa kuwa ba ya fita daga bakina. In ta kama dole sai in ce yaron nan, daga baya na koma cewa Ɗan Inna. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya min. Haka na ga Inna tana yi wa babban wanmu, kuma da haka ake gane 'yar gidan mutunci. Na yi sakandare, na karanta a littafi cewa jariri yana so a riƙa yi masa magana, amma wanda ya rubuta littafin bai taɓa zama a tsakar gidanmu ba.

Sai dai damina tana kwashe mutane. Da hantsi maza suna gona, Inna ta ɗauki fura ta bi su, gida ya rage daga ni sai shi sai kaji. A wannan ɗan tsakanin nake ɗaukarsa da hannuna, in kalle shi son raina, in buɗe 'yan yatsunsa in rufe, in yi masa wata 'yar waƙa da ban san inda na samo ta ba. Ba ta da tsawo:

Sun tafi gona, sun bar mu,
ba mai ji sai Mai sama,
bari in kira ka da sunanka.

Daga nan sai in kira sunan nasa, in ja shi, in sake kira. Shi ke nan waƙar. Da na ji motsin ƙyauren zaure sai in kwantar da shi in ɗauki tsintsiya. Na gama wanka na dawo Daura, nan kuma ga mahaifiyar babanku a gida, kunyar ta ninku, waƙar ta mutu. Da lokacin yaye ya yi aka kai shi Baure, Inna ta riƙe shi, bai dawo hannunmu ba sai da zai shiga sakandare. Ya dawo yana ce min Yaya, yadda ya ji ƙannena suna faɗa, kuma har yau haka yake ce min. Ku na kira sunayenku har maƙwabta suka gaji da ji. Shi in ina so ya ci abinci sai in ce ɗayanku ya kai wa yayansa.

Da ya girma ya tafi Kano ya ce waƙa zai yi. Babanku bai so ba, amma ya ga ba ta da tsayawa, sai ya sa masa sharaɗi: ba batsa, ba zagin kowa, ba rawa da mata. Ya kiyaye, wannan zan shaide shi. Yana da shafinsa a intanet, in ya gama waƙa ya ɗora ta a can, masu so su saurara su tura wa juna. Shekaru yana yi ba wanda ya san shi sai abokansa da 'yan biki. Ni ban taɓa saurara ba. In kun kunna ina kusa sai in sami abin yi a madafi.

Shekarar da nake magana ita ce wadda ruwa ya kayar da katangar bayan gidanmu. Kafin ruwan ya sauka Rukayya, matar yayanku, ta haihu. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka babanku ya ce a kawo ta Daura ta yi wankan jego a hannuna. Ni nake tafasa mata ruwa da ganyen darbejiya, ni nake dama kunun kanwa. Aka sa wa jaririyar sunana, Saudatu, su suna ce mata Ummi, ni ina ce mata takwara. Jika ba a kunyarta, sai ma wasa, don haka na sake da ita yadda ban taɓa sakewa da ubanta ba. Ga shi ta ɗauko shi sak, har ɗan lanƙwasar kunnen nan na hagu. Wata safiya babanku ya fita, Rukayya ta shiga wanka, yarinya ta yi ta tsala kuka. Na jijjiga, na zagaya da ita, ta ƙi. Na zauna a bakin ƙofar ɗakina na rungume ta, sai kawai na ji bakina yana yin waƙar Baure. Ban nemo ta ba. Da na zo wurin suna ma ban sauya ba, sunan ubanta na kira, na ja shi, na sake kira. Yarinya ta yi shiru. Abin da ban sani ba, Rukayya ta fito ɗaukar zane ta ji ni, wayarta kuma tana kan taga, sai ta ɗauki muryata da ita. Daga baya ta rantse min cewa mijinta kaɗai ta tura wa. Na yarda da ita tun a lokacin.

Ta gama wanka ta koma Kano, na manta da zancen. Har sai wata rana bayan an fara yankan gero, muna dawowa daga gidan barka ni da maƙwabciyarmu Hajiya Lami, muka tari adaidaita. Mai adaidaitan ya ƙure sauti kamar yadda suke yi. Na buɗe baki zan ce ya rage ke nan, sai waƙar da ke ciki ta ƙare, wata ta fara. Ba kiɗa a farkonta. Wata tsohuwa ce take rera wani abu a hankali, ana jin kukan jariri yana lafawa, can baya kuma famfo yana zuba a bokiti. Wallahi ban gane muryar ba. Ashe mutum bai san muryarsa ba sai ya ji ta daga waje. Har na ce a raina, wannan baiwar Allah a ina ta ji waƙata? Sai ta yi ɗan gyaran murya irin nawa, wanda babanku ke tsokanata da shi, sannan ta kira sunan.

Hajiya Lami ta damƙi gwiwata.

"Saude. Ke Saude! Wannan ba ke ba ce?"

Mai adaidaita bai ji ta ba, ya ɗaga murya yana mana bayani.

"Hajiya ai yanzu wannan ake yayi. Yaron ɗan garin nan ne. An ce tsohuwarsa ce da kanta. Ni duk sanda na ji sai na kira tawa tsohuwar a waya."

"To ai ga ta nan ka ɗauko," in ji Hajiya Lami, don ita bakinta ba ya riƙe komai.

Ya taka birki har muka yi gaba. Ya juyo yana kallona yana ta Allahu Akbar, yana sa min albarka. A lokacin kiɗa ya shigo, muryar yayanku ta hau kan tawa. Ban tsaya jin me ya ce ba. Na sauka tun ba mu kai kwanar gidanmu ba, na jawo hijabi har kan hancina, na taka da ƙafa. Duk shagon da na wuce gani nake daga cikinsa za ta fito. Na shiga gida na tarar da wayata cike da saƙonni, guruf ɗin matan danginmu kowa ta turo abu ɗaya, wasu da hoton zuciya, wasu da na kuka. Yayanku ya kira, ya sake kira. Na kifa wayar a ƙarƙashin filo.

Ranar kasuwar Mai'adua ce, babanku ya je awon gero da wake, bai dawo ba sai bayan la'asar. Na kawo masa ruwa. Ya sha, ya ajiye kofi, ya daɗe yana kallon kofin.

"Kusa da inda muke awo akwai mai tura wa mutane waƙa a waya," ya ce. "Tun safe abu ɗaya yake kunnawa. Wani ɗan Damagaram ma ya sa an tura masa, yanzu haka ta ƙetare iyaka a Kongolam."

Ya ɗago ya dube ni.

"Duk zaman da muka yi, Saude, ashe zabiya nake aure ban sani ba."

Wasa ya so ya yi don abin ya yi min sauƙi. Da ya ga na rufe fuska da mayafi kafaɗata tana rawa sai ya bari. Ya ce yaron bai kyauta ba, kuma ya kira shi ya gaya masa haka tun daga kasuwa. Ya ce yaron zai zo Juma'a ta sama shi da matarsa.

"Ya ce in kin ce ya cire, zai cire. Na kuma gaya masa in kin ce hakan, ba roƙo, ba dogon bayani. Amma ni ba zan yanke ba. Muryarki ce. Sai dai ki sani, tunda ya fara sana'ar nan ba a taɓa sauraronsa haka ba. Kuma ni a ganina ba don neman suna ya yi ba."

Na ce cirewa za a yi, ba sai an jira Juma'a ba. Ya ce a dai jira.

Ina so ku gane abin da ya dame ni, don ba abu ɗaya ba ne. Akwai na addini. Ni da ko sallama aka yi a ƙofar gida sai na rage murya kafin in amsa, yau ga ni a bakin tasha, a shagon aski, a majalisar maza, an kuma ɗora min kiɗa. Na san ban yi da niyya ba, na san Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, na yi ta gaya wa kaina haka a kan sallaya, zuciyata ta ƙi ji. Amma wanda ya fi ci na shi ne ɗayan. Waƙar da kanta tona asiri take yi. Cewa take sun tafi, ba mai ji, bari in yi abin da ba a yi. Duk wadda ta san ni ta san ban taɓa kiran yaron nan ba, har ana misali da ni a unguwa in wata yarinya ta cika rawar kai da ɗanta na fari. Yanzu kowa ya ji cewa duk kawaicin nan na idon mutane ne, da an juya baya ni ma ina can ina lallaɓa nawa.

Kun san Asabar da Lahadi ina riƙe da ajin manyan mata a Islamiyyar unguwa, waɗanda ba su sami karatu da ƙuruciya ba. Aikina in biya su maimaita. Ranar Asabar ɗin na shirya na tafi don kar a ce na ɓuya. Shugabar makarantar ta gaishe ni kamar kullum, ba ta tayar da zancen ba, Allah ya saka mata. Na shiga aji na buɗe baki na biya aya, sai na ji muryata, ita dai ta cikin adaidaita. Matan suka maimaita, amma ina ganin murmushi a gefen hijabai, ba na mugunta ba, irin wanda ake yi wa amarya washegarin kai ta. Baba Dije, wadda ta girme mu duka, ta ajiye Alƙur'aninta a cinya.

"Malama, ashe ke ma kina son naki. Mu da muke cewa dutse ne a ƙirjinki."

Aji ya kwashe da dariya. Wata daga baya ta ce, ita a nata ganin yabo take yi:

"Ai maigidana ya sa ta a wayarsa, Malama. Duk wanda ya kira shi, ke ce kike fara tashi."

Ban san yadda na ƙarasa darasin ba. Abin da ke kaina kawai, ga ni a aljihun mijin wata, ina kiran ɗana duk sanda aka neme shi. Washegari na aika wa shugaba ta nemi wadda za ta riƙe ajin. Ta zo har gida, ta zauna a ɗakin nan, ta ce ba wanda ya kawo ƙara, kuma ko an kawo ba laifina ba ne. Na ce na sani. Ta ce to mene ne? Na ce ba zan iya biya Alƙur'ani ana jin wata waƙa a cikin muryata ba. Ta yi ta lallashi har ta gaji. Haka aka yi, A'isha, sai ki gyara wa mijinki.

Wadda na fi tsoro ita ce Inna. Na ga gara in je da ƙafata kafin ta aiko. Na hau mota ta Zango na isa Baure da azahar. A lokacin idonta ya yi rauni, sai dai kunne. Na tarar da ita a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Na yi sallama na durƙusa.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Inna."

"Au. Mai waƙa ce ta zo."

Ba ta ce in tashi ba. Ta ci gaba da ɓara tana magana, ba ta ɗaga murya ba.

"A gidan suna aka kunna min. Ga matan ƙannenki a zaune, ga surukan gidan. Aka kanga min waya a kunne, wai Inna saurari 'yarki. Ni babban wanku har aka ɗauke shi zuwa makwancinsa ban kira sunansa ba. Ke kin kira naki a lasifika."

"Inna, ban san ana ɗauka ba."

"Na sani. Da kin sani ai ba ni na haife ki ba." Ta watsa ɓawo gefe. "Ni na goya shi. Ni na yi jinyar ƙyandarsa. Ni na ja shi makaranta yana birgima a ƙasa. Yanzu duk wanda ya shigo, ina uwar da ta yi waƙa? Mu da ba mu iya waƙa ba sai mu yi ta ɓarar gyaɗa."

Na ce zan sa ya cire. Ta ce ni na sani. Na zauna na taya ta ɓarar, muka yi zancen gero da ciwon ƙafarta. Da na tashi tafiya, har na sa takalmi, ta kira ni.

"Saude. Muryar ta dushe. Ta wancan karon ta fi daɗi."

"Wane karo, Inna?"

"Ke kina tsammani ba na mantuwa? Sau nawa zan kai bakin gari in tuna na bar ludayi. In dawo in tarar kina yi. In tsaya a zaure da ƙwarya a ka har ki gama, sannan in taɓa ƙyaure."

Kar ku ce wannan ya sanyaya min rai. A mota har Daura fuskata zafi take. Abin da nake taƙama na ɓoye tun ina yarinya, ashe uwata tana tsaye tana ji. Sai dai tunanina ya ƙi barin zauren nan, da matar da ke tsaye a ciki da kaya a ka tana jiran 'yarta ta gama. Ko ita ma ta taɓa yi wa wanmu tata? Ban tambaya ba, kuma yanzu ba wanda zan tambaya.

Juma'a suka zo bayan an sauko daga masallaci. Ina ɗaki ina jin babanku a tsakar gida yana yi wa yayanku faɗa, cewa abin da aka yi a cikin gida amana ne, kuma uwa ba kayan aiki ba ce da za a ɗauka ba a tambaya ba. Sannan suka nufo ɗakina. Rukayya ta shigo ta ɗora min takwara a cinya, ta durƙusa tana kuka tana neman gafara. Na ce ta tashi, na yafe, kuma da gaske nake. Shi bai shigo ba. Ya tsuguna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, waya a hannu. Ni kuma na sa ido a kan jaririya. Kalmata tana bakina a shirye tun ranar kasuwar Mai'adua, tun aji, tun Baure: cire.

"Yaya, na yi laifi," ya ce. "Na san in na tambaya ba za ki yarda ba, shi ya sa ban tambaya ba. Wannan shi ne gaskiya."

Ya juya wayar a hannunsa, ya ci gaba.

"Da ta turo min ina wurin aiki. Na ɗauka kukan Ummi zan ji. Na fita waje na zauna a bakin kwata na yi ta maimaitawa har caji ya ƙare. Na san al'ada ce, Inna ta gaya min tun ina yaro. Amma sani daban ne. Ina ji kina kiran su Mustafa tun daga zaure. Ni ban san yadda sunana yake a bakinki ba. Da na ji, sai na kasa riƙe shi ni kaɗai."

Ban ɗago ba. Takwara ta kama yatsana tana ƙoƙarin kai wa baki.

"Zan iya cirewa daga shafina yanzu a gabanki. Amma kar in yi miki ƙarya, wadda ta riga ta shiga wayoyin mutane ba ni da iko da ita. Sai dai na yi wani tunani. Akwai yarinyar da take mana amshi a situdiyo, tana da murya. In cire taki, ita ta rera wurin, in sake sakin waƙar. In sabuwar ta yaɗu ita za a riƙa ji, tsohuwar ta lafa. A hankali ba wanda zai ƙara cewa ke ce."

Ga mafita ya kawo min har bakin ƙofa, wadda ta fi abin da na roƙa. Shi bai rasa waƙarsa ba, ni na fita daga aljihun mutane, watakila har in koma ajina. Na buɗe baki in ce to. Sai na ga yarinyar a idona, ban san ta ba amma na gan ta, tsaye a ɗakin da suke ɗaukar murya da abin ji a kunne, tana cewa sun tafi gona sun bar mu, ita da ba ta san wace gona ba, ba ta san su waye suka tafi ba. Ta kira sunan, a ce bai yi ba ta sake, ta sake kira tana duba agogo, a ce ya yi, ta ɗauki jakarta ta tafi. Kuma wannan ce zai riƙa ji har ya tsufa. Wani abu ya taso min a ƙirji wanda ban san ina da shi ba, ya danne kunyar, ko da yake bai kashe ta ba.

Ba zan iya kallonsa in faɗa ba. Na ɗago takwara na tsayar da ita a cinyata, na yi magana da ita.

"Takwara, tambayar min babanki. Ita yarinyar, ita ta haife shi?"

Rukayya ta toshe baki da mayafi, ban san dariya take ko kuka ba.

"Ki ce masa ya bar ta yadda take. Wata ba za ta kira min shi da waƙata ba. Amma ki ce masa kar in ji ta a gidan nan, kuma kar ya ƙara."

Na san abin da na zaɓa tun kafin in rufe baki, kuma na biya shi. Ban koma aji ba, matan nan wata ce ta kai su sauka, ni a gida aka kawo min waina. Na daɗe ban je biki ba. Har gobe in zan hau adaidaita sai na saurari abin da yake kunnawa tukuna, kuma akwai matan da in sun gaishe ni nake ganin waƙar a idonsu. Inna ta rasu ba ta daina ce min mai waƙa ba. Ba wanda ya ɗora min wannan, an ba ni hanyar fita na ƙi.

Shi dai yana tsugune, sai ga ɗigon ruwa a kan siminti tsakanin ƙafafunsa. Na ga in aka ci gaba a haka ni ma zan ba da kaina a gaban surukata. Na gyara wa takwara hula.

"Kuma ki tambaye shi ko ya ci abinci."

Ya share fuska da hannun riga, ya dubi 'yarsa.

"Ummi, ki ce mata ban ci ba."

Rukayya ta yunƙura za ta tashi, na ce ta zauna, na miƙa mata yarinyar. Na bi ta gefensa na fita, zanena ya shafi kafaɗarsa. Na shiga madafi na ɗauko kwano. Shinkafa da wake ce, tana kan wuta a shirye, zubawa kawai za a yi, amma na daɗe a ciki kafin in iya fitowa in ajiye masa da hannuna.